Ganga da Faifai

Shekara talatin da ɗaya ina kwance ƙarƙashin manyan motoci
a garejin bayan tashar Dakwaro.
Gadon bayana ya fi tafin ƙafata sanin ƙasar Maraɗi.

Ganga na sani. Ba ta makaɗa ba,
ta baƙin ƙarfe, wadda sai ƙato biyu ke ɗagawa,
mai rufe bakinta ta yi aikinta a cikin duhu.
In fatar birkinta ta cinye, in ɓamɓare, in liƙa sabuwa,
in buga mata ƙusa ɗaya bayan ɗaya,
kafin la'asar direba ya kama hanyar Tasawa.

Sai ga Tsahiru daga Kwatano,
yaron da na koya wa riƙon sifana
tun hancinsa na yoyo,
ya faka farar tirela a bakin rumfata,
tan arba'in na shinkafa a bayanta.
Ya ce, Baba, kawo hannunka.
Na kai tafina kusa da taya.
Ɗumi kawai, kamar kwanon tuwon da aka ajiye wa baƙo.
Ya ce, faifai ke nan, iska ke sha.
Zafi ya zo, zafi ya wuce, ba ya kwana a cikinsa.
Taka shi sau goma a gangara, sau goma zai amsa.

Ban tanka ba. Na tofar da goro.
Nomau na tuna,
da ya sauko gangaren Gaya da lodin albasa,
gangarsa ta sha wuta har ta buɗe ciki,
ya taka, ya sake takawa, ya miƙe tsaye a kan birki,
ƙarfe ya ƙi jin kiran fata.
Ni na ɗaura masa ita da hannuna, ranar wata Talata.
Aikin bai da aibi. Na sha faɗa wa kaina haka.

Wata uku tsakani,
Tsahiru ya yi sawu shida a jar hanyar karkara,
yana kwaso aya da wake.
Faifai ba ya da murfi.
Rairayi ya shiga ya yi masa zane
kamar tsagar Bagobiri.
Ya zaga Maraɗi kaf, daga Sabon Gari har Ali Ɗan Sofo,
babu mai irin kayansa.
Aka yi waya Kano, aka ce sai dai Kwatano,
aka faɗi kuɗi, ya zauna a kan taya.
Kwana goma sha tara farar tirela na kan duwatsu,
awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta.

Da safe yakan zo ya sha shayi a rumfata.
Ban ce masa ai na faɗa ba,
don ban faɗa ba.
Shi ma bai ce a mayar masa da ganga ba.
Yakan ɗauki guduma ya taya ni bugun ƙusa,
hannunsa bai manta ba.

Marigayiya Baraka ce ta taɓa ce mini,
Malam, kai irin kayan aikinka ne,
ƙura ba ta shigarka, magana ba ta fitarka,
kana tara zafi kana rufewa,
ranar da ake son ka riƙe, ranar za ka saki.
Dariya na yi a lokacin.

Jiya kayan suka iso, cikin kwali mai rubutun da ban iya ba.
Na shimfiɗa buhu, na kwanta, na ce,
Tsahiru, riƙe mini tocila,
nuna mini inda ake fara kwancewa.
Ya durƙusa.
Da ya haska, sai na ga fuskata a jikin faifan,
duk zanen rairayi ya ratsa ta.
Na ce, kafin mu fara,
zauna in ba ka labarin Nomau.